Liftar Ƙona-Fis

Ranar da labari ya zo cewa surukarsa za ta zo ta kwana biyu a wurinsu, kuma likita ya ce gwiwoyinta ba sa son matakala, a ranar Ƙona-Fis ya yanke shawarar ƙera lifta, na'urar da ke hawa da mutum bene.

Ainihin sana'arsa sayar da ƙwan fitila da soket ce a wata 'yar rumfa a bakin kasuwa, amma a allon rumfar ya sa an rubuta BABBAN INJINIYA da jan fenti. Sunan Ƙona-Fis kuwa maƙwabta ne suka raɗa masa, tun ranar da ya gyara dutsen gugarsa, gidan benen da suke haya ya yini babu wuta daga sama har ƙasa. Shi kuma yana amsa sunan da fara'a, don a cewarsa fis ba ya ƙonewa sai a hannun mutumin da wuta ke shakka.

A hawa na uku suke zaune, can ƙarshen bene. Matarsa, Maman Yara, ta kawo shawara mai sauƙi.

"Maigida, akwai ɗaki a ƙasa bayan shagon Mai Walda. Ya ce a share a sa wa Inna gado."

"Surukar injiniya ta kwana a ƙasa? Ina raye?" Ya ajiye cokali. "Inna za ta zauna a sama, kuma ƙafarta ba za ta taɓa matakala ba. Za ta danna makunni kawai, ta tsinci kanta a baranda."

"Uwa ɗaya gare ni, ka sani ko?"

"Shi ya sa zan yi aikin da hannuna, ba zan ba wa bare ba."

Kafin mako ya zagayo ya tara kaya. A wurin mai gwangwan ya samo wani tsohon moton lantarki da aka ciro daga injin tsaga katako, mai nauyi kamar ɗan maraƙi. Ya samo igiyar ƙarfe, da ƙarfen naɗe ta, da rabin duro wanda zai zama kujerar fasinja. Mai Walda, wanda shagonsa ke ƙasan benen, shi ya kafa masa dogon ƙarfe a bakin rufi, ya miƙo kan titi. A shagon ne kaɗai ake da wuta mai layi uku, irin wadda moton ke ci, don haka daga can za a ja waya.

Da suka buɗe murfin moton, sai ga bakin waya shida suna kallonsu. Ɗan farantin da ke bayanin haɗi ya goge ƙarƙaf, ba a ganin ko harafi.

Mai Walda ya sosa ƙeya. "Maƙwabci, ni ƙarfe na sani. Wuta layi uku ce, waya kuma shida. Ina za ka kai sauran ukun?"

Ƙona-Fis ya gyara tsayuwa, ya ɗaga murya yadda masu wucewa za su amfana.

"Saurara ka ƙaru. A cikin moton nan akwai naɗin waya uku, kowanne da kai da wutsiya. In ka tara wutsiyoyin uku wuri ɗaya ka ba kawunan wuta, shi ake kira tauraro. In ka haɗa wutsiyar wannan da kan wancan, suka zagayo kamar masu riƙon hannu, shi ake kira dalta. Tauraro ladabi ne, dalta ƙarfi."

"To wanne ne kai, wanne ne wutsiya?"

"Wannan kuma ido ne. Ba a koyar da shi."

Ya zaɓi uku da ido, ya murɗe su wuri ɗaya, ya ce a ba da wuta. Mai Walda ya ɗaga makunni. Aka ji fau! Wani shuɗin haske ya gilma, rediyon mai shayi ya yi shiru a tsakiyar labarai.

Taga ta buɗe a hawa na biyu. Malama ce, tsohuwar malamar makaranta da ta yi ritaya, wadda har yanzu take wa kowa magana kamar ɗan aji uku.

"Ƙona-Fis! Kai ne ko?"

"Gwaji ne, Malama."

"To ka ci jarrabawa. Firjina ya mutu."

"Ya huta ne. Firji ma yana son hutu."

Aka canja fis. Bayan gwaji iri-iri, da fis ɗin da ya ƙare a rumfarsa har sai da ya je ya sayo a rumfar abokin hamayyarsa, Allah ya taimake shi ya dace da tauraro. Moton ya juya lafiya lau. Ya yi ta zagaye shi yana tafa wa kansa. Aka hau da shi rufi, aka ɗaure, aka sa buhun gawayi a cikin duro a matsayin Inna.

Moton ya yi gurnani. Duron ya ɗaga kamar kamu ɗaya daga ƙasa, ya tsaya yana rawa. Moton ya ci gaba da nishi, ya fara warin ƙonannen fenti.

Direba, mai tasin da ke zaune a hawa na ɗaya, ya leƙo daga barandarsa da buroshi a baki. "Injiniya, in nan ne iyakar tafiyar, ai ni ma zan iya ɗaga ta."

"Ladabin ne ya yi yawa. Bari ka ga dalta."

Ya haura rufi, ya sauya haɗin, ya sauko yana haki. Ya ce kowa ya matsa baya ya ga aikin ilimi. Ya danna.

Babu wanda ya ga tafiyar buhun. An dai ji fiuu, sai ƙara a can sama, lokacin da duron ya daki dogon ƙarfen. Buhun ya fashe. Gawayi ya yi ta zubowa kamar ruwan sama, a kan rumfar mai shayi, a kan tasin Direba da aka gama wankewa, a kan fararen zannuwan gadon da Malama ta shanya a barandarta da safen nan.

Maman Yara ta leƙo daga sama, fuskarta duk baƙi. "Maigida, wannan buhun shi ne Inna?"

"Kin ga dai ta iso."

"Ta iso, har ta wuce."

Malama ta buɗe taga. Ta ɗaga zanin gado ɗaya ta nuna wa titi, ta juya shi ta nuna ɗaya gefen, ta rufe taga. Wannan ya fi zagi ciwo, har Ƙona-Fis ya yi kwana biyu yana wuce ƙofarta da takalmi a hannu.

Ya gane cewa gudu ne ya yi yawa, sai ya koma wurin mai gwangwan ya samo giyar rage gudu ta injin kwaɓa siminti, Mai Walda ya liƙa ta tsakanin moton da igiya. Abin mamaki, sai abin ya yi. Duron ya riƙa hawa a hankali, yana sauka a hankali. Ya haɗa makunni mai fuska biyu a jikin doguwar waya, ya rataye a cikin duron, ya rubuta SAMA a gefe ɗaya, ƘASA a ɗaya gefen. Ya bayyana wa mai shayi, wanda bai tambaya ba, cewa sirrin juya moto baya shi ne a musanya waya biyu cikin uku, shi ke nan.

Direba ne ya jefo tambayar da ta ɓata masa barci. "In aka ɗauke wuta tana tsakiya fa?"

Ƙona-Fis ya yi dariya mai tsawo, don ya samu lokacin tunani. "Ka ɗauka ban shirya ba? Ma'ajiyar wuta zan gina. Batir. Ko shekara aka yi babu wuta, liftata na aiki."

Ya bi makanikai ya tattaro tsoffin baturan mota guda biyar, wani ya kumbura kamar burodi, wani farin gishiri ya cinye masa kai. Ya lallaɓa Direba ya ara masa sabon batirin da ya saya ya ajiye don damina. Ya ɗauko 'yar inbatar da suke kunna talabijin da ita, wato akwatin da ke mayar da wutar batir irin ta gida, ba tare da ya tambayi Maman Yara ba.

Da farko ya jera baturan kai da wutsiya, ja a baƙi, ja a baƙi, kamar jerin raƙuma. Wannan haɗin ƙarfin turawa yake tarawa, inbatar kuwa ƙarfin batir ɗaya aka yi ta ta ɗauka. Yana taɓa mata waya ta yi tus, ta fitar da hayaƙi siriri mai wari.

"Me ke ƙonewa?" in ji Maman Yara daga kicin.

"Maƙwabta ne ke ƙona shara."

"A falona?"

Aka kai inbata wurin gyara, yara suka yi mako suna kallon bango. Da ta dawo, sai ya sauya dabara: ja da ja, baƙi da baƙi, duk shidan gefe da gefe. Wannan karon babu hayaƙi. Abin da bai sani ba, matattun baturan biyar sun kama sabon na Direba suna tsotsa, kamar 'yan uwan da suka ji an yi wa ɗaya albashi. Ya zuba su a cikin akwatin kwano a kan rufi, inda rana ke dukansu daga safe har yamma, ya rufe ruf don kada iska ta sace wuta, bai kuma sake tunanin caji ba. Ya ƙara da hon ɗin babbar mota a jiki, don a riƙa sanar da isowar fasinja.

Ana gobe Inna za ta iso, ya tsaya ya kalli aikinsa, ya ga abu ɗaya ya rage, wato kyau. Wayoyin nan ja da rawaya da shuɗi sun yi masa kama da kayan 'yan koyo. Ya kwance su duka, ya shafe su da koren fenti, da duron, da moton, har da kan batura. Da fenti ya bushe ya zo mayarwa, sai ga waya uku kore shar, kamar 'yan uku. Ya duba, ya sake dubawa, ya mayar da su da ido.

Washegari da hantsi titi ya cika, don ya bi shago-shago ya gayyaci kowa. Ya sa farar riga mai dogon hannu, ya soka abin gwada wuta a aljihun gaba. Direba ya ɗauko Inna daga tasha. Ta fito daga mota da sanda, 'yar tsohuwa mai ƙaramin jiki da kaifin ido. Aka kawo mata kujera.

Ƙona-Fis ya durƙusa ya gaishe ta, sannan ya miƙe ya nuna koren duron da hannu biyu.

"Inna, ga abin hawanki. Ke ce mace ta farko a unguwar nan da za ta hau bene a zaune."

Inna ta kalli duron. Ta bi igiyar da kallo har can bakin rufi. Ta dawo da idonta kan surukinta.

"Ɗan nan, me na yi maka?"

"Inna, ai gata ne."

"To fara shiga gatan in gani."

Mutane suka yi dariya. Shi ma ya yi, ya ɗaga ƙafa ya shiga duron, ya tsaya ƙyam kamar mai karɓar fareti. Ya ɗaga wa jama'a hannu, ya danna SAMA.

Moton ya tashi a can rufi. Duron bai motsa ba. Sai igiya ta fara saukowa, tana naɗewa a kafaɗarsa, tana zagaye masa wuya, tana taruwa a kansa. Fentin jiya ya sa ya musanya waya biyu.

"Injiniya, benen ne zai sauko ya same ka?" in ji mai shayi.

"Tana miƙa jiki ne," ya faɗa daga cikin igiya. Ya yi sauri ya danna ƘASA. Igiyar ta koma, ta tafi da hularsa, ta miƙe, duron ya tashi.

"Ya danna ƙasa ya yi sama!" wata mai sayar da lemo ta yi ihu.

"A ilimin lantarki haka ake yi!" ya amsa daga sama. "Sai wanda ya yi zurfi!"

Ya wuce hawa na ɗaya yana murmushi. Ya kai tagar Malama, ya ɗan wuce ta, yana shirin yin jawabi. Sai fankar shagon Mai Walda ta fara rage gudu. Rediyon mai shayi ya yi shiru. An ɗauke wuta, kuma wannan karon ba laifinsa ba ne.

Duron ya tsaya cak tsakanin hawa na biyu da na uku, ya fara juyawa a hankali. In ya juyo, Ƙona-Fis na fuskantar titi. In ya zagaya, yana fuskantar Malama, wadda ta jawo kujera bakin taga da kofin shayinta.

"Barka da hantsi," in ji ta.

"Barka kadai, Malama. Jama'a, kada kowa ya tsorata! Yanzu za ku ga amfanin ma'ajiyar wuta. Maman Yara! Hau rufi ki ɗaga jan makunnin nan!"

"Wanne ne ja? Duk kore ne!"

"Na kusa da akwati!"

Ta ɗaga. Kowa ya zuba ido. Inbata ta yi ƙii sau ɗaya ta mutu, don ko da baturan cike suke, akwatin talabijin ba ya juya moton tsaga katako. Abin da ya rage na wuta ya tafi hon. Hon ɗin babbar mota ya buɗe baki ya ce "mbeee", a hankali, kamar akuyar da ta kwana a ruwa, ya yi shiru.

Dariyar da aka yi har a bakin kasuwa an ji ta. Direba kaɗai bai yi ba. Ya haura rufi a guje, ya buɗe akwatin kwanon, zafi da warin ruɓaɓɓen ƙwai suka buge shi. Ya leƙo ta bakin rufi.

"Ƙona-Fis! Wanne ne batirina?"

"Koren!"

"Wallahi ka sauko!"

"Da zan iya ai da tuni."

Rana ta take. Duron ƙarfe ya fara zafi, Ƙona-Fis ya riƙa ɗaga ƙafa ɗaya yana sauke ɗaya. Mai Walda ya kawo tsani, tsanin ya tsaya a hawa na ɗaya. Wasu suka jawo katifa suka shimfiɗa a ƙasa suka ce ya yi tsalle, ya leƙa ya ga katifar ta koma kamar hankici, ya ce shi ba gaggawa yake ba. Duron ya juyo da shi wurin Malama.

"Malama, ko za ki miƙo min tsintsiya in jawo kaina tagarki?"

"Ka wuce ta cikin ɗakina da wannan fentin a takalmi? Zannuwana ba su gama farfaɗowa ba." Ta kurɓi shayi. "Maimaita bayana: ba zan ƙara ba."

Duron ya juya da shi titi kafin ya amsa, ya ɗaga wa jama'a babban yatsa. Ya sake zagayowa.

"Ba zan ƙara ba," ya faɗa ƙasa-ƙasa.

"Ban ji ba. Na baya ma su ji."

Ana cikin haka sai Maman Yara ta sauko titi ta matakalar baya tana waige-waige. Kujera na nan, Inna ba ta nan. Ta tambayi mai lemo, ta tambayi mai shayi, kowa idonsa na sama, babu wanda ya ga fitarta. Hankalinta ya tashi, ta fara kiran "Inna! Inna!"

"Ga ni nan."

Kowa ya ɗaga kai. A barandar hawa na uku, dab da saman kan Ƙona-Fis, ga Inna ta jingina da sandarta tana mayar da numfashi. Da ta ga yadda gata ya ƙare, ta bi matakala a hankali, tana hutawa a kowane hawa, har ta kai.

Ta leƙo ta kalli surukinta. "Ɗan nan, ni na iso. Kai sai yaushe?"

Kunya ta sa ya yi ƙoƙarin durƙusawa a cikin duron, duron ya karkata, ya miƙe da sauri. "Ina hanya, Inna."

A daidai nan aka dawo da wuta. Ƙona-Fis, wanda a lokacin ba abin da yake so a duniya kamar ƙafarsa ta taɓa ƙasa, ya manta da ilimin masu zurfi, ya danna ƘASA da duk ƙarfinsa. Duron ya yi sama. Ya wuce gefen baranda, ya daki dogon ƙarfen, moton ya ci gaba da ja, don babu abin da aka sa ya tsayar da shi. Dalta ya nuna ƙarfinsa. Ƙarfen ya lanƙwashe ya yi ciki, moton ya turnuƙe da hayaƙi, aka ji fau a shagon Mai Walda, wutar da aka dawo da ita ta sake tafiya. Duron ya kife ta cikin baranda, ya zubar da Babban Injiniya a gaban Inna kamar an juye kwandon wanki.

Ya tattara kansa ya durƙusa, farar riga ta zama kore da baƙi, takalmi ɗaya ya tafi titi.

"Sannu da zuwa, Inna. An zo lafiya?"

"Lafiya lau. Kai ne da sannu da hanya." Ta gyara zama a kujerar baranda. "Tunda na sha wuyar hawowa, ba zan sauka ba sai gwiwar nan ta warke sarai. Kayana na cikin mota, akwai buhu biyu da akwati. Ka hawo min da su. Ta matakala."

Ya hawo da su, Direba na bin sa a kowane hawa yana tambayar batir.

Da yamma aka gan shi a teburin mai shayi, da filasta a goshi, ya ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya. Wani baƙo da ya ga lanƙwasasshen ƙarfe a saman bene ya tambayi abin da ya faru. Kafin kowa ya buɗe baki, Ƙona-Fis ya riga shi.

"Lifta ce, ni na ƙera ta. Tsohuwar da likita ya ce ba za ta iya hawa bene ba, na'urar nan ta kai ta hawa na uku." Ya hura shayinsa. "Kuma ko shiga ba ta yi ba."